Fitilar Waya a Ɗakin Duhu

An koro ni daga Jamus a shekara ta huɗu da fitata daga gida. Fitilar waya na kunna a inda ba a kunnawa.

Sunana Haruna. Marini ne ni, ɗan marini, daga Ƙofar Gayan. Ramukan marinarmu sun mutu ɗaya bayan ɗaya tun da mutane suka koma wa galura. Wani mutum ya ce mini akwai masaƙa a Turkiyya da ke neman wanda ya san shuni. Na bi shi.

A filin jirgin Istanbul wanda ya tarye mu ya karɓi fasfo ɗina, ya ce zai kai a buga hatimi. Ban sake ganin fasfon ba, ban sake ganin mutumin ba. Masaƙar kuwa wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa inda ake koɗar da wandon jins. Sabon wando shuɗi ake kawowa, a ba ka soso da ruwan magani, ka dirje gwiwa da cinya har su yi fari kamar an shekara ana sawa. Shekara ashirin da biyar na yi ina lallashin shuni ya kama zane. A can aka ba ni aikin cire shi.

Wani ɗan Afganistan muke layi ɗaya da shi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Shi ya nuna mini yadda ake jiƙa ƙyalle a ɗaura a hanci, kuma kullum sai ya gutsura mini burodinsa. Tari ya kama shi. Wata safiya aka sa wani a wurinsa. Na tambaya da hannu, mai wurin ya ɗaga kafaɗa. A watan na bar su.

Daga nan sai babbar mota. Mu goma sha ɗaya aka cusa a bayan kwalayen tayil, aka rufe ƙofa daga waje. Kwana biyu ko uku, ban sani ba, domin babu ko huda ɗaya da haske zai shigo. Ka ɗaga hannunka gaban fuskarka, babu shi. Wani yana kuka, wani yana amai, ba ka san wane ne ba. Iska ta yi nauyi har muka riƙa karɓa-karɓa wajen sa hanci a gindin ƙofa. Da aka buɗe, mutum goma ne suka sauka da ƙafarsu. Tun daga ranar, in aka rufe ni a duhu ƙirjina toshewa yake yi.

Na yi yawo a garuruwa uku kafin na isa wani ƙaramin gari mai jami'a a Jamus. A wani masallaci da ke saman shagon kayan miya na haɗu da Idirisu, Bahaushen Zangon Kumasi. Yana da takardu, yana da mata da 'ya'ya biyu, yana kuma da aiki biyu. Ya bar mini ɗaya, sharar wani gini a jami'ar, da katinsa da sunansa. Ya ba ni katifa a ɗakin ajiyar gidansa.

"Hoton nan bai yi kama da ni ba," na ce.

"Wa zai duba? Baƙi duk ɗaya muke a wurinsu in muna riƙe da tsintsiya. Abu ɗaya zan gaya maka. Kada a san fuskarka. Ranar da aka san fuskarka, ni da kai mun tafi."

Haka na zama Idirisu. Ina sunkuyar da kai, ina goge ƙasa, ina kwashe shara.

Sallar Azahar ce ta zame mini damuwa. Ɗakin tsintsiya yana manne da banɗaki, ƙasansa kullum a jiƙe. Na gwada ƙarƙashin matakala, wata mata ta tsaya tana kallona har na sallame. Ban sake ba. A hawa na biyu akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu da baƙin labule a tsakani. Ciki babu taga. Wata 'yar fitila ja ce kawai, mai rauni kamar garwashin da ya kusa mutuwa, da wani inji da ke girgiza kwalabe a hankali. Ruwan cikin kwalaben ja ne ja-ja, kamar an tsoma zoɓo a koko. Ranar da na fara aiki shugabar masu shara ta nuna mini makunnin wutar ɗakin, an liƙe shi da salatif, ta kaɗa mini yatsa. Na gane. Ban taɓa taɓa shi ba.

Ƙarfe ɗaya kowa yana wurin cin abinci. Ɗakin da ɗumi, ƙasansa a bushe. Na shimfiɗa kwali na tayar da salla, amma kafin na kai ruku'u na ji ni a cikin motar nan. Gumi ya karyo mini. Na sallame, na ciro waya na kunna fitilarta. Don kada haske ya fita ta ƙarƙashin ƙofa a gane da mutum, sai na jingina ta a bakin injin, na juya fuskarta wajen kwalaben. Hasken ya ratsa jan ruwan ya yi kyau. Na yi sallata, na yi tasbihi, na ɗan zauna ƙafafuna suka yi ɗumi. Washegari na koma. Haka kullum, in ban da Juma'a da nake zuwa masallaci, da Asabar da Lahadi da ba na aiki.

Wata rana ina goge baranda sai na ji murya a bayana: "Ka ci abincin nan ko in zo in same ka! Ba Hajiya wayar." Sandar gogewar ta faɗi daga hannuna. Wata matashiya ce da farar rigar aiki a kan doguwar riga, da ɗankwali, waya a kunnenta. Na ce, "Sannu, Malama," kafin na tuna da gargaɗin Idirisu.

Ta kalle ni, ta kalli katin wuyana.

"Idirisu daga Gana, da Hausar Zazzau?"

Na waiga ko wani ya ji.

"Ban ji komai ba, Kawu," ta ce. "Ɗauki sandarka."

Sunanta Rabi, Bakanuwa ce, tana karatun digirin dakta. Kwalaben ɗakin duhu nata ne. Ta bar ɗanta, wanda yanzu yake shekara uku, wurin mahaifiyarta, kuma shekara uku aka ba ta ta gama. Daga ranar kullum sai ta tsokane ni.

"Kawu, ku Zage-zagi ko shara kuke yi sai kun yi ta da ƙasaita. Dubi yadda kake riƙe bokiti kamar an naɗa ka."

"Ke kuma na san tun da kika zo kin yi wa kowace kwalba kuɗi a ranki. Jira kike su juya baya."

"Ka yi kewar fate ko? Faɗi gaskiya."

Washegari ta kawo mini tuwon semo da miyar kuka a roba. Na shiga ɗakin tsintsiya na cinye, na suɗe robar. Shekara uku ke nan rabona da kuka. Na mayar mata da robar a wanke.

Amma tana ramewa. Wasan ya ragu. Wata rana na same ta zaune a matakala da takardu a cinya, idonta ja. Na ce lafiya? Ta ce kwalabenta ne suka ƙi ta.

"Mene ne a ciki wai?"

"Ka san kududdufin da ruwansa ke yin ja in ya daɗe a kwance?"

"Akwai shi a bayan ganuwa."

"To wasu halittu ne a ciki, ƙanana, ido ba ya ganinsu. Bakteriya. Da haske suke rayuwa, kamar ganye. Jan nan da kake gani shi ne tarkon da suke kama hasken da shi. Amma ba kullum suke ƙera shi ba. A cikin kowace ɗaya akwai kundin gado, inda aka rubuta yadda ake ƙera komai na jikinta. Akwai wani mai gadi da in ya zauna a kan shafin jan, ba mai karanta shi."

"Wa ke tashe shi?"

"Wani abu ne da za ka iya kira ido. In babu shuɗin haske, kuma iska kaɗan ce a ruwan, idon yana riƙe da mai gadin, shafi a buɗe, suna ta ƙera ja. Da shuɗin haske ya taɓa idon sai ya sake shi. Mai gadi ya koma ya danne shafin. Aiki ya tsaya."

"Don me za su ƙi haske, alhali shi suke ci?"

"Shuɗi mai ƙarfi alama ce sun taso saman ruwa, inda iska take. Haske da iska da jan nan in suka haɗu, ƙona su suke yi daga ciki."

Wannan na gane shi. Zanen da ka tsamo daga ramin shuni kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a hannunka. Ramin da iska ta yi wa yawa kuwa mutuwa yake yi.

Ta ce aikinta shi ne ta gwada na duhu da waɗanda ta haska wa shuɗi, ta auna ko shafin a buɗe yake ko a rufe. Kullum da ta dawo daga cin abinci take ɗiban ruwan. Wata takwas ke nan na duhun suna nuna mata shafi a rufe, kamar sun ga shuɗi. Ta canza ruwa, ta canza kwalabe, ta canza iri.

"Abin da zai haukata ni, Kawu, ranar Juma'a daidai suke fitowa. Da Asabar da Lahadi. Wai kwalabena sun san Juma'a."

Na yi dariya. Allah ya sani dariya na yi.

"To jar fitilar nan ta ciki fa?"

"Wannan idon ba ya ganin ja."

"Fari fa?"

"Ai fari shi ne mugun. Farin fitilar waya shuɗi ne aka lulluɓe da ruwan ɗorawa. Kuma idon in ya gani sau ɗaya, yana daɗewa bai koma daidai ba. Shi ya sa aka rubuta a ƙofa kowa ya bar wayarsa a waje."

"An rubuta?"

"Ga shi can, da harshe biyu."

Na san takardar. Kullum sai na goge ƙurar da ke kanta.

Na ɗauki bokitina na tafi. Ban ce mata komai ba. Na gaya wa kaina in na daina shi ke nan, aikinta zai gyaru, ba wanda zai san fuskata. Na daina. Na koma haɗa Azahar da La'asar a gida. Mako bai cika ba ta tare ni tana murna, ta ce kwalabe sun shiryu, har ta ce addu'ar Bazazzagi ce ta kama su. Na ce Allah ya ƙara.

A mako na uku na ga ba ta sa farar rigar ba. Tana tsaye a bakin ginin, katinta ya daina buɗe ƙofa. Farfesan da ke kula da aikinta ya duba ya ga wata takwas abu ya ƙi, sai da lokacinta ya kusa ƙarewa ya gyaru dare ɗaya, ba ta kuma iya faɗin abin da ta canza ba. Ya ce dole a bincika ko da hannu ta gyara lambobin. An kafa kwamiti. In suka ce ta yi, babu digiri, kuma sunanta ya ɓaci a duk inda ake irin wannan aiki.

"Ƙarya, Kawu. Ni za a ce na yi ƙarya. Me zan gaya wa Hajiya? Na bar mata yaro yana rarrafe."

Da na bar fitilar a kunne, da mai rashin sa'a kawai za a kira ta. Shirun da na yi da dainawar su suka mayar da ita maƙaryaciya.

Na sami Idirisu yana wanke motarsa ranar Lahadi, na gaya masa duka, har da niyyata ta zuwa in faɗi gaskiya. Ya ajiye soson.

"Kai mahaukaci ne? 'Yar boko ce, za ta sami wata makaranta. Kai me za ka samu? Ni fa? Yarana a nan aka haife su. Na ba ka wurin kwana, na ba ka sunana, da wannan za ka biya ni?"

"Ba zan sa ka ciki ba."

"Ta yaya? Sunan wa ke wuyanka?"

"Zan ce sacewa na yi. Ka je gobe ka ce katinka ya ɓace tun bara, kuma ka daɗe da barin aikin."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce in kwashe katifata kafin Litinin. Bai yi laifi ba. Kwana huɗu na yi a masallaci, ladan yana yi kamar bai gan ni ba.

Na gaya wa Rabi a wurin jiran bas, da rana tsaka, mutane suna wucewa. Na faɗa a taƙaice. Salla, mota, waya, kwalabe. Ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Wata takwas."

"Ban sani ba sai ranar matakala."

"Ranar matakala. Yau mako nawa?"

"Huɗu."

"Na kawo maka tuwo a cikin makonnin nan. Ka karɓa. Ka ce Allah ya ƙara."

"Na ce."

Bas ya zo ya tafi, ba ta shiga ba. Ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Kada ka je wurin farfesa. Zan ce ni ce na riƙa shiga da waya."

"Su ce ga ƙarya ta biyu. Kuma ke me kike yi ranar Juma'a da ba ki shiga da ita?"

"Za su kama ka, Kawu."

"Ki zo ki yi mini tafinta. Ba na jin yarensu."

Farfesan dogon tsoho ne mai zuwa aiki a keke. Na tsaya a ofishinsa da kwalina a hammata da waya a hannu. Rabi tana fassarawa. Bai katse ni ba. Da na gama ya yi magana guda. Rabi ta ce, "Wai ka nuna masa."

Kwana uku aka yi ana gwadawa. Aka zuba sababbin kwalabe. Ƙarfe ɗaya mu shiga ni da shi da wata mata daga kwamitin. In jingina wayar inda na saba, in shimfiɗa kwali, in kabbara. Shi yana tsaye da agogo da wani ɗan ma'aunin haske, yana rubutu. Na yi salla a jeji, na yi a tsare, amma ban taɓa yin wadda ta yi mini nauyi kamar waɗannan ba. A rana ta farko na yi sauri. Ya sa aka gaya mini in yi yadda na saba, har tasbihin, har zaman ɗumama ƙafa. Na yi. In na fita sai matar ta ɗebi ruwan da hannunta, Rabi ba ta taɓa komai ba.

Lambobin suka fito irin na wata takwas ɗin nan sak. Shafi a rufe. Kwalaben da ke nesa da wayar kuma nasu a buɗe, kamar yadda ya riƙa fitowa a tsofaffin takardunta ba wanda ya lura. Tsohon ya dafe kai ya yi dariya har da tari. Ya ba Rabi haƙuri a gabana, sau biyu. Ya miƙo mini hannu, ya ɗauki biro, ya tambayi sunana don ya sa a rahoto.

Na ce Haruna.

Ya kalli katin wuyana. Ya kalle ni. A wata goma sha ɗaya shi ne Bature na farko da ya haɗa hoton da fuskata. Dariyar ta tafi. Ya ajiye biron, ya ce wani abu a hankali. Rabi ta ce, "Wai da zai iya, da bai rubuta ba. Amma kwamiti sun gan ka, kuma sai da sunan shaida za a wanke ni."

"Ki ce ya rubuta. Ki ce katin sacewa na yi."

"Ba zan fassara wannan ba."

"Za ki fassara. Mutumin yana da yara."

Ta fassara tana kuka.

Rahoto ya tafi kwamiti, kwamiti ya aika ofis, ofis ya kira kamfanin shara. Ranar Talata da safe ina zuba ruwa a bokiti 'yan sanda biyu suka zo. Ba su daka mini tsawa ba. Ɗaya ma ya jira na kashe famfo.

Wata uku na yi a gidan da ake tsare waɗanda za a mayar. Na roƙi abu ɗaya, kada a kashe mini wutar ɗaki, suka yarda. Rabi ta zo sau biyu, ta kawo lauya, lauyan ya karanta takarduna ya girgiza kai. Idirisu bai zo ba, amma wani ya kawo mini rigar sanyi da na san tasa ce. Aka sa ni a jirgi tsakanin mutum biyu. A Abuja aka miƙo mini takarda ɗaya da leda mai kayana.

Rabi ta gama. Ta kira ni ranar, ta ce tana so ta zo Zariya da mijinta su yi wa 'yan'uwana bayani. Na ce ta bari. In ta faɗi gaskiyar katin a nan, maganar za ta iya komawa can, mutanenmu ba su iya riƙe baki ba.

A unguwa wasu suna cewa hodar iblis aka kama ni da ita. Yayana, Malam Sule, ma'aikacin gwamnati ne, ya kai takardar aka karanta masa. Ya dawo ya zauna kusa da ni a zaure.

"Sun ce sata."

"Haka suka rubuta."

"Ka yi?"

"Ni na gaya musu na yi."

Ya jira in ƙara. Ban ƙara ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Tun daga ranar bai sake barin makullin ɗakinsa a jikin ƙofa ba.

Yanzu ina Zariya. Ina kwana a zauren gidanmu a Ƙofar Gayan. Da safe ina tafiya Ƙofar Doka, ina wanki da guga a shagon wani.